Harafin da Ya Ƙi Fita

Bodinga,
9 ga Muharram.

Zuwa ga ɗiyata Zulaihatu, a Shagari.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Malam Abdulaziz da yara. Ya damina? Mu nan ruwa ya sauka sosai, gero ya kai gwiwa.

Za ki yi mamakin ganin takarda daga hannuna alhali ga waya a hannun kowa. Wayar ce ba ta da amfani gare ni yanzu. In na yi magana cikinta, wanda ke can sai ya ce, "Na'am? Sake faɗi." Ko Mariya da na haifa sai ta dubi bakina kafin ta gane ruwa nike so ko fura. Allah Ya bar mani hannun dama, shi ya sa na ɗauki biro. Ɗanjuma direba zai miƙa maki.

Kin san ciwon da ya same ni bayan Babbar Salla, shanyewar ɓarin jiki. Kin zo asibiti cikin 'yan dubiya, na gan ki tsaye bakin ƙofa, ba ki ƙaraso ba. Ban ga laifinki ba. Ƙafar ta fara motsi, ina jan ta da sanda. Abin da bai dawo ba shi ne baki. Leɓena na hagu ya saki. Duk harafin da sai leɓe biyu sun haɗu, ba da ma da ɓa, sun ƙi fita, iska na tserewa ta gefe. Zulai, shekara talatin da takwas ina jan baitin bege gaban mata a garin nan, yau sunan Manzon Allah ba ya fita daidai a bakina. Na gwada bayan sallar asuba, abin da na ji ya fito ban san shi ba. Na zauna kan buzu na yi ta kuka.

Likita ya ce in riƙa motsa bakin, bai ce ga yadda ake yi ba. Mutum ɗaya na sani da ya taɓa gyara harshensa da kansa, ke ce. Ki gaya mani yadda kinka yi. Na san ba ni da bakin roƙonki wannan, amma na roƙa.

Ki gaishe mani da Malam. Allah Ya yi maku albarka.

Gwaggonki,
Balaraba.

*

Shagari,
14 ga Muharram.

Zuwa ga Gwaggo Balaraba.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso. Muna lafiya. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne.

Kin tambayi yadda na yi. Zan faɗa miki, amma sai na fara daga inda abin ya fara, don ban san ko kina tunawa da shi yadda nake tunawa ba.

Ina shekara goma sha huɗu. Mauludin mata ne a Sifawa, kina bayarwa, mu ashirin muna amshi. Waƙar kakarmu Inna Kaltume muke yi, kuma amshin yana farawa da "Mai tsarkin zuciya". Ni kuwa tun ina ƙarama harafin tsa ba ya fita a bakina, sai in ce "Mai sarkin zuciya". Kika ɗaga hannu, waƙa ta tsaya. Kika ce, "Wadda ba ta iya raba tsarki da sarki ba, ta fita daga sahu." Kowa ya san ni ce. Na ratsa mata sun fi ɗari biyu, takalmina ɗaya ya fita, ban tsaya ɗauka ba. 'Yar ƙaninki ce ni, a ɗakinki na tashi bayan rasuwar mahaifiyata. Da kin jira mun koma gida.

Shekara huɗu na yi ina gyara. Idan aka aike ni rijiya sai in leƙa ciki in ce tsa, tsa, tsa, in saurari abin da ya dawo mini. A hankali na gane ina barin iskar tana zubewa tun daga ƙirji. Harafin so yake a riƙe numfashi a maƙogwaro kamar mai shirin ɗaga tulu, sannan a sake shi gaba ɗaya a bayan haƙora.

Naki na leɓe ne, ga abin da nake sa yaran makarantarmu masu irin wannan matsala su yi. Ki sami madubi. Ki sa yatsu biyu ki ɗaga gefen da ya saki, ki haɗa leɓen ki ce "mmm" har ki ji hancinki yana rawa. Ki cika kumatu da iska ki riƙe, ki ƙirga biyar. Koko ki riƙa zuƙarsa da bututun roba irin na lemo. Kada ki fara da waƙa, magana tukuna, kalma ɗaya ɗaya: mama, baba, ɓawo, Bodinga. Kada ki fara da sunan da kike so, zai karya miki zuciya. Da safe kaɗan, da la'asar kaɗan. In kin gaji ki bari. Ranar da za ku koma asibiti Sakkwato, Mariya ta tambaya ko akwai mai koyar da magana.

Iyakar abin da na sani ke nan. A gai da Mariya.

Zulaihatu Muhammad Sani.

*

Bodinga,
6 ga Safar.

Ɗiyata Zulai,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gode maki, Allah Ya saka da alheri.

Na yi jinkirin amsa don ina so in zo maki da labari. Jiya na ce "Mariya" ta juyo daga bakin murhu ba tare da ta dubi bakina ba. Ita ma sai da ta yi taku biyu ta tsaya, ta ce, "Inna, sake kira na." Na sake. Ta zubar da ludayi ta rungume ni. Haruffan ba da ma suna fita in na riƙe leɓen da yatsa. Ɓa har yanzu gardama yake yi.

Ina tuna ranar Sifawa. Ba ranar da na manta. Abin da ba ki sani ba, a ranar akwai baƙi daga Sakkwato da sunka zo da rikoda za su ɗauki muryata a kaset. Ba don Annabi na fitar da ke ba, ba don waƙar Inna Kaltume ba. Don kaset ne. Na daɗe ina gaya wa kaina ladabi na koya maki. Yanzu da nike zaune da madubi a hannu ina yaƙi da harafi ɗaya, na san abin da na yi. Kuma a cikin ku ashirin babu mai muryarki. Na sani tun lokacin, ban taɓa faɗa maki ba. Ki yafe mani.

Akwai wani abu kuma. Bara, walimar saukar karatu a Danchadi, ina wurin. Na zauna can baya gindin dogonyaro tare da tsofaffi. 'Yan matan makarantarku sunka tashi, su talatin, babu lasifika. Wata tsohuwa kusa da ni, kunnenta ya yi nauyi, ta dafa ni ta ce, "Malama, waɗanga ɗiyan wa ya koya masu? Kowace kalma na ji ta awa a kunnena aka faɗe ta." Baki talatin, Zulai, suna buɗewa tare suna rufewa tare, ba wadda ta ja wutsiyar kalma bayan 'yan uwanta. Na ce mata, "Ɗiyata ce." Da aka tashi na hango ki kina gyara masu hijabi. Kunya ta hana ni zuwa. Na shiga mota na dawo.

Ga abin da ke hana ni sukuni. Tun da na kwanta, ɗalibata Rashida ke ja wa mata baiti. Murya gare ta, amma sauri take yi, tana haɗiye ƙarshen kalma, tana yanke numfashi tsakiyar suna. Ta manna baki ga lasifika, 'yan amshi kowa na bin nata. Daga nesa amo ake ji, ba a jin magana. Bege kuwa magana ce ake faɗa wa wanda ake so. In ba a ji kalmar ba, me aka faɗa?

Waƙar Inna baiti arba'in da ɗaya ce. Rashida goma ta sani. Sauran suna nan a takardar ajami cikin gafakata, amma takarda ba ta nuna inda ake ja da inda ake taƙaitawa, ba ta nuna inda murya ke hawa. Akwai tsofaffin kalmomi a ciki, wasu na Fillanci, in an karanta su yadda sunka zo a rubuce ma'anar ta juye. Wannan a bakina kaɗai yake, bakin kuma ga yadda ya zama.

Ki zo ki karɓa. Ki ja mana baiti a Mauludin bana. Tsakaninmu tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba.

Allah Ya raya maki zuri'a.

Gwaggonki,
Balaraba.

*

Shagari,
20 ga Safar.

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Na yi murna da labarin Mariya, har na karanta wa Malam wurin sau biyu.

Takardarki ta kwana goma sha biyu a cikin jakata. Na so a ce na ji daɗi da kika ce muryata ta fi ta kowa. Ban ji ba. Haushi na ji, irin wanda ban ji ba tun ina budurwa. Da kin faɗa a lokacin, ko sau ɗaya, ko a ɗaki.

Maganar yafiya, na yafe. Na faɗa da bakina bayan salla, Allah Ya ji. Zuciyar tana biyowa a baya, ki yi mata haƙuri.

Amma jan baiti ba zan iya ba, kuma ba fushi ba ne. Kin ga yarana a Danchadi, ba ki lura ba ni na ja musu ba? Wata ɗaliba ce. Yau shekara goma sha tara ban rera waƙa ni kaɗai a gaban mutum ba. Ina koyarwa da magana. In faɗi baiti kamar ina hira, su maimaita har kowane harafi ya zauna, in buga musu tafi a inda za su numfasa, in koma ƙarshen fili in tsaya, in ban ji kalma ba a sake. Karin waƙar kuwa manyan ɗalibai ke koya wa ƙanana. Na gwada a bikin ƙanwar Malam, mata suka matsa mini. Na buɗe baki, ko harafi ɗaya bai fita ba. Harshen ya gyaru, Gwaggo. Abin da ke bayansa ne bai gyaru ba.

Ga shawarata. Ke ki ja. Ba duka ba, baiti ɗaya ko biyu, kina zaune a kujera. Mai bayarwa yana da damar da 'yan amshi ba su da ita: yana iya jinkiri, yana iya tsayawa kan kalma har ta cika. Ki rage saurin waƙar, ki numfasa kafin sunan, ki riƙe leɓen ta ƙarƙashin mayafi, ba wanda zai gani. Ki tara matan tun yanzu su saba da sabon takunki. In amshi ya tsaya da ƙarfi, zai ɗauke ki. Saura kwana ashirin da biyu, za ki iya.

Sauran baitocin, bari a gama girbi in zo mu zauna a tsanake. Ba na so in zo cikin taro.

Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana.

'Yarki,
Zulaihatu.

*

Bodinga,
17 ga Rabi'ul Awwal.

Yaya Zulai,

Assalamu alaikum. Ni ce Mariya. Na kira wayarki jiya sau uku ba ta shiga ba, ga Ɗanjuma zai taso yanzu, shi ya sa nake rubutu a tsaye. Ki yi haƙuri da rubutun.

Inna ta bi shawararki. Kullum bayan la'asar mata na taruwa a tsakar gidanmu, tana zaune da madubinta. Ta canza, Yaya. In wata ta yi kuskure ba ta tsawa, sai ta kira ta kusa ta ce, "Dubi bakina, ni ma fama nike." Rashida ma ta rage sauri.

Ranar Mauludi bayan la'asar muka kai ta filin Islamiyya a keke Napep. Fili ya cika, har daga Sifawa da Danchadi an zo, don an ji Malama Balaraba za ta ja. Ta ce ba ta son lasifika. Masu shirya taro suka ce mutane sun yi yawa, na baya ba za su ji ba, suka kafa mata ita a baki.

Baitin farko, wallahi Yaya, da kina nan. A hankali ta ɗauko shi. Da ta zo kan sunan ta tsaya, ta numfasa, ta ce "Muhammadu", ya fita cif, kowane harafi a wurinsa. Fili ya ɗauki salati. Tsofaffi na kuka. Amshi ya shigo kamar mutum ɗaya. Na ce a raina shi ke nan, ta tsaya nan.

Ba ta tsaya ba. Ta yi na biyu, ta shiga na uku. A tsakiyar baitin yatsun da ke riƙe da leɓen suka zame, bakin ya saki, miyau ya zubo. Kalmar ta fito wani iri, lasifika ta kai ta har bakin titi. Wasu 'yan mata a gefe suka fashe da dariya. Ba mugunta ba ce, yara ne, amma an ji. Ta sake gwadawa, ya fi na farko lalacewa. 'Yan amshi suka rikice, rabi sun shiga, rabi suna jira. Rashida ta karɓe da sauri don ta rufa mata asiri.

Na sunkuya na ce, "Inna, mu tafi gida?"

Ta girgiza kai. Ta zauna har aka shafa fatiha, mayafi rufe da bakinta.

A hanya na ce, "Inna, ai na farkon ya fita. Kowa ya ji."

Ta ce, "Ya fita."

Kwana biyu ba ta taɓa madubin ba. Shekaranjiya da hantsi tana alwala ta faɗi. Mun kai ta Sakkwato, likita ya ce ciwon ne ya dawo, wannan karon ya fi ƙarfi. Sun ce mu dawo da ita gida mu yi ta addu'a. Ba ta magana ko kaɗan. Biro ma ba ta iya riƙewa, sai dai in ka sa hannunka cikin nata na dama tana matsewa. Tana ji, idonta na bin mutum.

Kada ki ce shawararki ce ta jawo. Likita ya ce jininta ne ya hau, kuma ni na ga fuskarta a baitin farko, ban taɓa ganinta haka ba. Amma kada ki jira girbi. Jiya na ce mata, "In kira Yaya Zulai?" Ta matse hannuna har na ji zafi.

Ki taho, don Allah.

Ƙanwarki,
Mariya.

*

Bodinga,
24 ga Rabi'ul Awwal.

Malam,

Assalamu alaikum. Na kira ka ɗazu ka ɗauka, na kasa magana, shi ya sa na kashe. Ka yi haƙuri. Na san Mariya ta sanar da kai. Allah Ya yi wa Gwaggo rasuwa yau da hantsi, an kai ta bayan azahar.

Kwana shida na samu da ita. Ranar da na iso na ɗauko takardar daga gafaka, na zauna bakin gado, na sa hannuna cikin nata. Na fara karanta mata baitocin da magana, yadda nake yi wa yara. In na ja inda ba a ja, ko na hau inda ake sauka, sai ta matse hannuna, in sake, in sake, har ta saki. Wata kalmar sai na gwada ta hanya biyar.

A rana ta uku karatun ya ƙi isa, don akwai wurin da sai an rera ake gane inda numfashi yake. Daga ni sai ita a ɗakin. Na rera, Malam. Muryar ta fito a shaƙe, tana rawa, amma ta fito. Ban dubi fuskarta ba.

Mun kai baiti na ashirin da shida. Sha biyar sun rage a takarda, babu mai sanin yadda ake faɗarsu.

Jiya da la'asar ina rera na ashirin da shida, na tabbata ban yi kuskure ba, don sau huɗu muka bi shi. Ta matse hannuna duk da haka, ta daɗe ba ta saki ba. Na ce, "Gwaggo, ina ne ban yi daidai ba?" Ta dube ni kawai. Ban san abin da take nufi ba, kuma yanzu babu wanda zan tambaya.

Zan zauna har sadakar bakwai. Ka gaya wa ɗalibai babu koyo wannan makon. Ka sa ta cikin addu'a.

Matarka,
Zulaihatu.